Jinyar Ƙwaƙwalwa da Wutar Lantarki

Da an ce lantarki a ka, sai gaban mutane ya faɗi. Amma wannan jinya ta ceci rayuka, kuma ina takaicin yadda ake tsoronta. Likitoci biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara ta a birnin Rum a 1938. A yau sai an sa majiyyaci barci, an ba shi maganin sakin jiki, sannan a saki wuta kaɗan ta 'yan daƙiƙu, ƙwaƙwalwa ta yi gajeriyar farfaɗiya. Akan maimaita sau 6 zuwa 12.

Tana taimakon mai tsananin ciwon damuwa da ya daina ci da magana, da mai jegon da hankalinta ya gushe. Babbar illarta mantuwa ce, galibi ta ɗan lokaci. Ɗan'uwa, kafin ka amince, tabbatar za a sa barcin.