Yardar Manomi da Haƙƙin Jingina Magana: Hukuncin Buga Ilimin Lambu a Littafi

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar lambu ce. Daga fadamun Saulawa zuwa na Hunkuyi, tumatir da tattasai da albasa da rake su ne abin dogaron gidaje masu yawa da rani, kuma saboda yawan tumatir ɗin ne aka kafa masana'antar sarrafa shi a Ikara. Kusancin yankin da Samaru, mazaunin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya sa masu bincike da malaman gona da ɗalibai sun daɗe suna zama da manoma suna rubuta abin da suka ji. Bayan annobar tsutsar Tuta absoluta ta 2016, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, dabarun manoma sun ƙara daraja: lokacin dashe, haɗin ganyen darbejiya, yadda ake ajiye iri. Mas'alar da muke dubawa ita ce: idan mutum ya tattara waɗannan bayanai ya buga su littafi ya sayar, me shari'a ta wajabta masa game da waɗanda ya ji daga bakinsu?

Dokar ƙasa ba ta warware wannan ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare lafazin da aka adana a rubuce ko a naɗe, har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, amma ta fitar da ra'ayoyi da hanyoyin aiki daga kariya. Saboda haka dabarar da manomi ya yi shekara talatin yana gwadawa ba ta da mai ita a idon doka, alhali shafin da ɗalibi ya rubuta a kanta cikin dare ɗaya yana da shi.

A fiƙihu an daɗe ana taƙaddama kan ko abin da hankali ya samar dukiya ne. Jumhurin malamai, har da Malikiyya, suna ɗaukar amfani a matsayin dukiya, saɓanin magabatan Hanafiyya da suka taƙaita ta ga abin da ake iya riƙewa a ajiye. Masu kore haƙƙin mawallafi sukan kafa hujja da Imam al-Ƙarafi, wanda ya nuna a cikin al-Furuƙ cewa ijtihadin mutum ba ya cikin abin da magada ke gada, da kuma hadisin da ya yi narkon azaba ga mai ɓoye ilimi. Dakta Fathi al-Duraini ya amsa musu a littafinsa Haƙƙul Ibtikar, inda ya bambanta tsakanin basirar da ke tare da mutum da kuma 'ya'yanta da suka fito suka zauna a takarda. A Disamba 1988, a zamanta na biyar a Kuwait, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta su.

Sai dai wannan matsaya, kamar dokar ƙasa, marubuci take kallo. Manomin da bai rubuta kome ba fa? A ganina amsarsa tana cikin babin amana fiye da babin ciniki.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ma'anarsa ke nuna cewa wanda ya yi maka magana sannan ya waiwaya, maganar ta zama amana a wuyanka. Waiwayen ba lafazi ba ne, alama ce kawai, amma shari'a ta ba ta hukunci. Daga nan ake fahimtar cewa izini yana da iyaka, kuma hali da al'ada ne suke zana iyakar. Dattijon da ya bayyana wa baƙo haɗin maganin tsutsa a bakin kwami, ya yi izinin a ji, a yi aiki da shi, watakila a gaya wa maƙwabci, domin wannan shi ne urfin manoma. Bai yi izinin a buga dubu biyar a kai kasuwa ba, kuma shirunsa ba yarda ba ce, tunda ƙa'ida sananniya ta hana a jingina magana ga wanda ya yi shiru. Ballantana a inda kunya ke hana mutum ce wa malami a'a. Takardar yarda da aka rubuta da Turanci aka sa wanda bai karanta ta ba ya dangwala, sunan yarda kawai gare ta. Wajibi ne a faɗa masa da Hausa me za a buga, da sunansa ko ba suna, kuma za a sayar ko kyauta za a raba.

Hujjar ɓoye ilimi ba ta ba marubuci hanya a nan. Ilimin da ake tsawatarwa a kan ɓoye shi shi ne wanda jama'a ke buƙata kuma bayyana shi ya rataya a wuyan mutum. Sirrin da mai lambu ke riga abokan sana'arsa kai tumatir kasuwa da shi, jarinsa ne. Idan kuwa annoba ce ta game ƙasa, to hana magani abin zargi ne, amma ko a nan abin da ya wajaba shi ne yaɗa dabarar, ba ƙwace sunan mai ita ba.

Jingina magana ga mai ita tsohuwar tarbiyyar malamanmu ce. Malaman hadisi ba su yarda mutum ya ce an ba shi labari a kan abin da ya tsinta a rubuce ba, sai ya bayyana cewa tsinta ya yi. Imam Suyuɗi, wanda ya rubuto wa sarakunan wannan nahiya wasiƙa har da na Katsina, ya wallafa risala guda kan bambancin mawallafi da ɓarawo. A fannin noma kansa, Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya ambaci waɗanda ya ɗauko daga gare su, irin su Ibn Bassal, ya kuma ware abin da ya gwada da hannunsa. Hadisin barbarar dabino a Sahihu Muslim ma ya isa shaida cewa manoma ma'abota sani ne a fagensu. Kusa da mu, Mary Smith ta rubuta tarihin Baba daga bakinta a Giwa, littafin ya fito a 1954 da sunan tsohuwar a bangonsa. Ko ba kome, an san mai maganar.

Amma sa suna ma yana da haɗari. Idan manomi ya faɗi ma'aunin feshi da ya dace da ƙasarsa, aka buga da kuskure, wani ya ƙona shukarsa, sunan wa zai ɓaci? Don haka a karanta masa abin da aka rubuta kafin a kai maɗaba'a, kuma idan ya zaɓi a sakaya shi, a sakaya. Matan aure masu ajiye irin kuɓewa da yakuwa a cikin gida sun fi buƙatar wannan kulawa.

Batun riba ya fi sauƙi. Marubuci yana da haƙƙin wahalarsa ta tattarawa da tsarawa. Abin da kowa ya sani, kamar zuba toka a lambu, ba shi da mai shi, ambaton yankin ya wadatar. Idan kuwa ƙashin bayan littafin dabarar mutum ɗaya ce ko ta ƙungiya ɗaya, to a yi sharaɗi tun farko, ko lada sananne ko kaso sananne, don kauce wa jahilci a cikin ƙulli. Wanda ya riga ya buga ba da izini ba, ya koma ya nemi yafiya, ya gyara a bugu na gaba. Idan mai maganar ya rasu, ya nemi magadansa. Wallahu a'alam.