Talabijin ta tsaya a kan tambari: Abin da ya kamata ka sani kafin a yi mata fulashin a Gidan Rumji

Ana kunna ta sai sunan kamfani ya fito a fuska, daga nan ba gaba ba baya. Wata kuma ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. A Gidan Rumji da ke kan hanyar Maradi zuwa Madawa, mai irin wannan talabijin, wadda sau da yawa ɗan gida ne ya aiko daga ƙasar waje, yakan ɗauka ta gama yawo. Alhali galibi gilashin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ke tayar da ita ce ta rikice.

Manhajar tana zaune ne a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna eMMC da ke manne a babban allon cikin talabijin, wanda masu gyara ke kira bod. Idan aka ɗauke wuta tana tsaka da sabunta kanta, sai rubutun ya yanke a rabi. A yankin Maradi kuwa ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne. Lantarkin da NIGELEC ke rabawa a nan ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa na tuna yadda aka kwana lokacin da Najeriya ta katse shi a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Gyara mafi sauƙi shi ne ta filash. Mai gyara zai kwance bayan talabijin ya karanta lambar da ke jikin bod da ta gilashi, ya nemo fayil ɗin da ya dace da su biyun, ya zuba a filash mai tsarin FAT32, ya soka sannan ya jona wuta. Sai ƙaramar fitilar gaba ta fara ƙiftawa. 'Yan mintunan nan su ne masu haɗari, domin idan wuta ta sake tafiya, bod ɗin zai iya yin shiru gaba ɗaya. Mai gyara da ya san aikinsa ba ya farawa sai da batir da inbata a gefe.

Inda ake yawan kuskure shi ne fayil. Kamfanonin China na sayar da bod iri ɗaya ga masu haɗa talabijin daban-daban, wani da gilashin 1366x768, wani da 1920x1080. A zuba na wani a wani, sai hoto ya kifa ko ya rabu biyu, ko rimot ya daina ji.

Idan filash ya gagara, sai a koma ga na'ura irin RT809H mai rubutawa kai tsaye a cikin eMMC, wani lokaci ma sai an ciro ta da iska mai zafi. Wannan aiki ne na hannun da ya goge, kuma ya fi kyau a ɗauki talabijin zuwa Maradi da a bar mai koyo ya gwada. Samsung da LG kuwa nasu tsarin a kulle yake, don haka sau da yawa canza bod ɗin ake yi.

Kafin ka biya kuɗin fulashin, ka haska tocila a fuskar talabijin tana kunne. In akwai sauti kuma kana hango hoto dishi-dishi, fitilun bayan gilashi ne suka ƙone, manhaja ba ruwanta. In kuma an canza maka bod, ka karɓi tsohon ka tafi da shi gida.