Ko Kun Sani?

Kafaɗar da ta saba gocewa, ko mai ɗori ya mayar da ita, takan sake fita. A 1923 wani likitan tiyata a Landan, Blundell Bankart, ya bayyana dalili: guringuntsi da jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin hannu ne suka ɓalle daga bakin gurbinsa. Maganinsa shi ne a huda ƙashin bakin gurbin, a ɗinke su a mazauninsu. Har yau da sunansa ake kiran aikin. Sai dai in bakin gurbin ya zaizaye sosai, ɗinki kaɗai ba ya riƙewa, dole a dasa guntun ƙashi, kamar a dabarar da Michel Latarjet na Faransa ya fito da ita a 1954.