Horar da Masu Kawar da Malalar Mai a Cikin Ƙanƙarar Hunturu: Darussa Daga Alaska da Arewacin Turai

Tsakure

Yawancin dabarun kawar da malalar mai an ƙirƙire su ne domin buɗaɗɗen ruwa, inda mai ke tasowa sama, a gan shi, a kewaye shi, a kwashe. Wannan maƙala ta duba abin da ke faruwa idan man ya zuba a ruwan da ƙanƙara ta rufe, da irin horon da ake ba waɗanda aka ɗora wa nauyin kawar da shi a Alaska da Norwe da ƙasashen Tekun Baltik. Maƙalar ta nuna cewa ginshiƙin wannan horo shi ne sanin halin ƙanƙarar kanta, domin ita ke yanke dabarar da za ta yi aiki, da lokacin da za a yi ta, da kuma ko ma'aikaci zai koma gida da ransa.

1.0 Gabatarwa

A ranar 17 ga Janairun 2015, wani bututun ɗanyen mai da aka binne a ƙarƙashin Kogin Yellowstone, a jihar Montana ta Amurka, ya fashe. Fiye da lita 100,000 na mai suka shiga kogin, wanda a lokacin ƙanƙara ta lulluɓe shi. Mai tsayawa a bakin gaɓa ba ya ganin komai sai farin fili. Mazauna garin Glendive, da ke 'yan kilomitoci ƙasa da wurin, su ne suka soma jin warin mai a ruwan famfonsu, gwaji kuma ya tabbatar da akwai sinadarin benzin a cikinsa, har sai da aka yi kwanaki ana kawo musu ruwan sha a manyan motoci. Ma'aikata sun tsaga ƙanƙarar domin tare man, amma da iska ta ɗan yi ɗumi sai ƙanƙarar ta yi rauni, tsayawa a kanta ya zama kasada. Abin da aka kwaso daga kogin ƙaramin kaso ne na abin da ya zuba.

Wannan lamari ya tattara matsalolin da maƙalar za ta tattauna. Kafin nan, ya kamata a fayyace kalma. A Hausa “ƙanƙara” tana ɗaukar ma'anar daskararren ruwa da kuma ƙanƙarar da ke zubowa tare da ruwan sama. A nan ana nufin ruwan kogi ko na teku da sanyi ya daskarar ya zama faifai, wanda kaurinsa a gaɓar arewacin Alaska kan kusanci mita biyu a ƙarshen hunturu. “Dusar ƙanƙara” kuwa ita ce mai laushin da ke saukowa daga sama ta kwanta a kan wannan faifai.

2.0 Halin Mai a Cikin Ƙanƙara

A ruwa mai ɗumi, mai yana bazuwa da sauri ya zama siririn shimfiɗe, sassansa marasa nauyi su bi iska, igiyar ruwa kuma ta kaɗa saura da ruwa har ya koma kamar kunu mai kauri. Sanyi yana rage saurin duk waɗannan. Mai yana yin kauri, ba ya bazuwa da nisa, kuma ƙanƙara tana kwantar da igiyar da za ta kaɗa shi.

Idan man ya fito ta ƙarƙashin faifan ƙanƙara, yakan taso ya manne da cikinta. Cikin ƙanƙarar teku ba sumul yake ba, yana da kwaruruka da tudu, saboda haka man yakan taru a kwarurukan ya tsaya, sai fa in gudun ruwa ya yi ƙarfin da zai ture shi. A tsakiyar hunturu, sabuwar ƙanƙara tana ci gaba da tohowa daga ƙasa, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta rufe man ruf, ya zama a tsakiyar faifan. A haka zai zauna watanni kusan yadda ya zuba. Idan lokacin narkewa ya zo, ƙananan hanyoyin da ruwan gishiri ya bari a jikin ƙanƙarar teku suna buɗewa, man ya bi ta cikinsu ya hau sama ya taru a kududdufan da ke saman faifan. An tabbatar da wannan a gwajin da aka yi a Balaena Bay, a gaɓar Tekun Beaufort ta Kanada, a hunturun 1974 zuwa 1975, inda aka saki ɗanyen mai da gangan a ƙarƙashin ƙanƙara, aka bi shi har ya fito sama, sannan aka ƙone shi.

Ke nan ƙanƙara tana da fuska biyu ga mai wannan aiki. Tana ɓoye man, tana hana jiragen ruwa isa gare shi, amma kuma tana tsare shi, tana ba ma'aikata lokacin da buɗaɗɗen teku ba ya bayarwa. Masana suna auna yanayin da yawan ƙanƙarar da ke saman ruwa. Idan ba ta kai kashi uku cikin goma ba, shingen roba mai iyo da ake kewaye mai da shi yana iya aiki. Idan ta wuce kashi bakwai, ita kanta ce shingen. Tsakanin waɗannan biyun ne wuya take: ƙanƙarar ta isa ta yaga shinge, amma ba ta isa ta riƙe mai ba.

3.0 Ginshiƙan Horon

3.1 Tsare Ran Ma'aikaci

Darasin farko bai shafi mai ba sam. Ana koya wa ma'aikaci ya huda ƙanƙara ya auna kaurinta kafin a ɗora mata mutum ko inji, ya kuma maimaita awon yayin da yake gaba, domin gudun ruwa kan cinye ta daga ƙasa ba tare da alama a sama ba. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, idan kauri ya ninka sau biyu, nauyin da za ta ɗauka yana ninkawa kimanin sau huɗu. Sai dai kauri kaɗai bai wadatar ba. Garai-garai ɗin ƙanƙarar ruwan daɗi ta fi ƙarfi, farar da ta samu daga jiƙaƙƙiyar dusa ana lissafa ta da rabin wannan ƙarfi, ta ruwan gishiri kuma ta fi ta ruwan daɗi rauni. Haka nan duk tsagar da aka yi domin neman mai tana rage ƙarfin wurin da masu tsagar ke tsaye.

Daga nan sai horon wanda ya faɗa ruwa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin a lambobi uku da suka yaɗu a irin waɗannan kwasa-kwasai: minti ɗaya na shawo kan numfashi bayan gigitar sanyi, kimanin minti goma da gaɓoɓi za su iya motsi mai amfani, da kimanin awa ɗaya kafin sanyin jiki ya gusar da hankali. Ana sa ɗalibai rigar da ruwa ba ya ratsawa, a ɗaura musu igiya, su shiga ramin ƙanƙara su fito da kansu. Hikimar ita ce, wanda ya taɓa jin wannan gigita a gaban malami ba zai ruɗe ba ranar da ta same shi a bakin aiki.

3.2 Gano Inda Man Yake

Hanya mafi daɗewa ita ce a jera huji a kan ƙanƙara bisa tsari, a ga wanda mai ya ɓullo ta cikinsa, a kafa alama, har iyakar malalar ta fito. Wani lokaci ana zura fitila a ƙarƙashin ruwa, a share dusar da ke sama, sai wurin da mai yake ya bayyana kamar inuwa. Akwai na'urar rada da ake ja a kan faifan, wadda ke iya nuna shimfiɗen mai a ciki, amma gishirin ƙanƙarar teku yana raunana saƙonta, karanta sakamakonta kuma sai gwani. Cibiyar bincike ta SINTEF da ke Norwe ta gwada karnukan da aka horar a tsibiran Svalbard, suka kuwa gano man da aka ɓoye a cikin dusa da ƙanƙara ta hanyar sansana.

3.3 Tarewa da Kwasa

A kogi, babbar dabara ita ce tsaga doguwar kafa a jikin ƙanƙara da zarto mai inji, a ciro yankakkun a ajiye gefe. Ba a yin tsagar kai-tsaye daga gaɓa zuwa gaɓa. Ana karkatar da ita, ta yadda man da ke tafe a ƙasa zai taso cikin kafar, gudun ruwa kuma ya tura shi zuwa ƙarshenta kusa da gaɓa, inda injin kwasa ke jira. Kuskuren karkata ko na faɗin kafa yana sa man ya nutse ya wuce. Wannan abu ne da hannu ke koya, takarda ba ta isar da shi.

A teku kuwa, injin da ke zuƙar mai yakan toshe da ɓarɓashin ƙanƙara. Shi ya sa ƙasar Finlan ta mayar da hankali ga injuna masu buroshi, waɗanda mai ke mannewa a gashinsu, da wani buroshi mai kama da guga da ake sarrafawa da hannun inji daga kan jirgi. Ƙasar ta koyi darasi tun Fabrairun 1987, lokacin da jirgin dakon mai na Tarayyar Sobiyet, Antonio Gramsci, ya dunguri dutse kusa da Porvoo, fiye da tan 500 na ɗanyen mai suka shiga cikin ƙanƙara, kayan aikin wancan zamani kuma suka gaza. A Maris na 2006, da jirgin Runner 4 ya nutse a Mashigin Finlan bayan karo a cikin ayarin da ke bin jirgi mai fasa ƙanƙara, jiragen Finlan sun yi amfani da waɗannan buroshi a ruwan Estoniya.

Horo a nan ya haɗa da ƙananan abubuwan da ke tsayar da babban aiki. Ruwan da ya rage a tiyo yana daskarewa da zarar an kashe famfo, roba tana tsagewa, batir yana mutuwa da wuri, mai kauri yana ƙin fita daga tanki sai an ɗumama shi. An ga irin wannan a Fabrairun 2011, sa'ad da jirgin Godafoss ya maƙale a duwatsun Hvaler da ke kudancin Norwe, ya zubar da fiye da tan 100 na baƙin mai cikin tsananin sanyi, shingayen da aka shimfiɗa suka riƙa cika da ƙanƙara tare da man.

3.4 Ƙonawa a Wurin

Inda babu hanyar ɗaukar man da aka kwaso, ƙonawa takan zama zaɓin da ya rage. Sabon ɗanyen mai yana bukatar kaurin milimita 2 zuwa 3 kafin ya kama wuta, idan kuma ya sha ruwa da yawa ba ya kamawa. Tunda ƙanƙara tana tara shi wuri guda, tana kuma jinkirta gauraya shi da ruwa, damar ƙonawa ta fi tsawo a nan. Gwajin da SINTEF ta jagoranta a Tekun Barents a 2009, inda aka saki lita 7,000 na ɗanyen mai a tsakanin yankakkun ƙanƙara, ya nuna man yana iya kamawa bayan kwanaki. Duk da haka akwai baƙin hayaƙi da ragowar da ba ta ƙone ba, saboda haka ana horar da shugabannin aiki su auna alƙiblar iska da nisan ƙauyuka, su kuma nemi izinin hukuma tun kafin damar ta kuɓuce.

4.0 Inda Ake Horon

Babbar matsalar malaman wannan fanni ita ce, ba a zuba mai a teku don kawai a koyar. A atisaye da yawa ana watsa gugguru ko lemo a madadin mai, alhali babu ɗayansu da ke mannewa a cikin ƙanƙara ko toshe famfo. Norwe tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke ba da izinin sakin mai na gaskiya domin gwaji. A Amurka ana komawa ga tafkunan gwaji: na Ohmsett a jihar New Jersey, mai tsawon kimanin mita 200, da na cibiyar binciken yankunan sanyi ta rundunar sojan ƙasa da ke Hanover a jihar New Hampshire, inda ƙungiyar Alaska Clean Seas ke kai ma'aikata su nemi mai a ƙarƙashin ƙanƙara, su tsaga, su kwasa, su ƙone.

Akwai kuma horon haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe, domin mai bai san iyaka ba. Yarjejeniyar 1990 ta Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita tanadin tsarin gaggawa da yin atisaye. Ƙasashen Baltik suna gudanar da atisayen BALEX DELTA kowace shekara ƙarƙashin hukumar HELCOM. A 2013, a garin Kiruna na Suwidin, ƙasashe takwas na Majalisar Aktik suka sa hannu a yarjejeniyar taimakon juna kan malalar mai. Sai dai tun Maris na 2022, bayan mamayar Ukraine, bakwai daga cikinsu suka dakatar da yawancin hulɗa da Rasha, wadda ita ce ke da gaɓa mafi tsawo a yankin.

5.0 Iyakar Abin da Horo ke Iya Yi

Akwai ranakun da ƙwarewa ba ta da tasiri. A garin Utqiagvik na arewacin Alaska, rana ba ta fitowa har fiye da wata biyu. Guguwar dusa tana hana jiragen sama tashi, tsananin sanyi yana taƙaita mintunan da mutum zai yi a waje, babban sansanin jiragen sama na dakarun tsaron gaɓar Amurka da ke Kodiak kuma yana da nisan fiye da kilomita 1,000. Ga al'ummar Inupiyat, waɗanda ke farautar dabbobin teku a bakin ƙanƙara, kowace ranar jinkiri barazana ce ga abincinsu. Su ne kuma suka fi kowa sanin motsin wannan ƙanƙara, abin da ya sa shigar da mutanen ƙauyukan cikin ƙungiyoyin agaji yake da muhimmanci. Wannan iyaka tana daga cikin dalilan da suka sa aka hana jiragen ruwa amfani da baƙin mai a tekun Aktik daga 1 ga Yulin 2024, duk da an yi wa wasu jiragen rangwame zuwa 2029.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna yadda ƙanƙara ke sauya halin mai, da yadda horon ma'aikata ya ginu a kan wannan sauyi: auna faifan kafin a taka shi, gano man da ido ba ya gani, tsaga kafar da za ta kama shi, da sanin lokacin da ƙonawa ta fi kwasa. Abin da ya faru a Porvoo da Hvaler da Glendive ya tabbatar da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma nuna cewa ko da an shirya, abin da ake maidowa daga ƙarƙashin ƙanƙara kan zama kaɗan. Saboda haka atisaye na gaskiya yana da amfani biyu: yana gyara hannun ma'aikaci, yana kuma faɗa wa hukumomi ranakun da ba abin da za a iya yi, domin su yi la'akari da su kafin su ba da izinin haƙar mai ko wucewar jirgi a lokacin hunturu.