Duwatsu Masu Aman Wuta

Mu mutanen Gashuwa ba mu saba da duwatsu ba. Daga nan har Nguru rairayi ne da fadama, saboda haka in malami ya ce wa yara akwai dutse mai aman wuta, sai su ɗauka tatsuniya ce. A ganina hanya mafi sauƙi ita ce a kai hankalinsu madafa.

Can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse, ga kuwa iska gauraye da shi. In ya sami tsaga sai ya yi sama. To, kaurin narkakken dutsen nan shi ke bambanta irin tsaunin da za a samu.

In tsararo ne kamar koko, iskar takan fita salin-alin, shi kuwa ya malala nesa ya daskare, ya zama tudu mai faɗi kamar an kife faranti. Haka Mauna Loa na tsibirin Hawai yake, wanda ya yi amai a 2022. Tudun Biu ma irin wannan malala ce ta shimfiɗa shi tun zamanin da.

Amma in mai kauri ne, sai ku tuna da talge kan wuta, yadda yakan kumbura ya fashe ya ƙona hannun mai tuƙi. Iskar takan maƙale har ta yi bindiga, ta watsa toka da tsakuwa sama, su zubo su taru hawa-hawa, su zama tsauni mai tsini. Wannan shi ne mugun. Irinsa ne Besubiyas na Italiya, wanda ya binne birnin Pompeii a shekara ta 79. Wani lokaci narkakken dutsen yakan daskare cikin maƙogwaron tsaunin, ruwa da iska su cinye gefen, a bar shi tsaye shi kaɗai, kamar Dutsen Wase.

Sa'an nan in ya gamu da ruwa a ƙarƙashin ƙasa, tururi yakan fasa wurin ya bar ƙaton rami, daga baya ruwa ya cika shi. Tafkin Tila kusa da Biu bakin dutse ne irin wannan. Haka kuma Tafkin Nyos na Kamaru, inda muguwar iska ta taru a gindin ruwan ba wanda ya sani. Ran 21 ga Agusta 1986 da dare ta taso, ta gangara cikin ƙauyuka, ta kashe mutum wajen 1,700 da shanu dubbai, ba wuta ba toka. Tun 2001 aka fara kafa bututu cikin tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.