Tsaba, kati ko tiransifa: Yadda matafiyi zai tsara kuɗinsa daga Dutse zuwa Aujara

Ɗan kasuwar da ya saba da hada-hadar Dutse ko Kano yana iya shafe mako guda bai taɓa takardar naira ba, domin daga mai shago har mai nama kowa yana da lambar asusun da za a tura masa kuɗi. Amma da zarar ya nufi garuruwa irin su Aujara da ke Ƙaramar Hukumar Jahun a Masarautar Dutse, lissafin kan sauya. Manomin da ya kawo gero ko riɗi yana son ya ga kuɗinsa a hannu, direba da ɗan dako ba su da lokacin jiran alat, sabis ɗin waya kuma yana iya ɗaukewa daidai lokacin da ciniki ya faɗa.

Haka lamarin yake ga ma'aikacin gwamnati da aka tura aikin duba makarantu ko rigakafi a ƙauyukan tsakiyar Jihar Jigawa. Albashinsa na banki, amma masauki da abinci da kuɗin babur duk da tsaba ake biya. Tun da rassan bankunan kasuwanci sun fi taruwa a manyan garuruwa kamar Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure, matafiyi na bukatar ya san dokokin da ke tafiyar da kowace hanyar biyan kuɗi kafin ya bar gida.

Darasin ƙarancin kuɗi na 2023

A ranar 26 ga Oktoban 2022 ne Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin takardun sun fara yawo a ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Abin da ya biyo baya sananne ne: tsofaffin kuɗi sun koma banki, sababbin ba su wadata ba, manhajojin bankuna kuma suka riƙa cijewa saboda cunkoso. Sai a ranar 3 ga Maris ɗin 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da amfani da tsofaffin takardun zuwa ƙarshen shekarar, sannan a watan Nuwamba ta ɗage wa'adin baki ɗaya.

Wannan lokaci ya bar abubuwa biyu a kasuwannin karkara. Na farko, mutane da dama da ba su taɓa mallakar asusu ba sun buɗe, musamman a kamfanonin kuɗi na intanet irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Na biyu, waɗanda suka sha wuya wajen fitar da kuɗinsu sun ƙara riƙe tsaba da muhimmanci. Saboda haka a kasuwa ɗaya za a iske dillalin da ya fi son tiransifa, a gefensa kuma ga manomin da ba zai ɗaga buhunsa ba sai ya ƙirga kuɗinsa. Dole matafiyi ya tanadi abin da zai sallami kowannensu.

Ƙa'idojin cirar tsabar kuɗi

Tun daga 9 ga Janairun 2023, Babban Bankin ya ƙayyade cewa mutum ɗaya zai iya cirar naira 500,000 a mako, kamfani kuma naira miliyan 5. Wanda ya haura haka zai biya caji a kan rarar: kashi 3 cikin 100 ga mutum, kashi 5 cikin 100 ga kamfani.

A watan Disambar 2024 kuma aka fitar da wata ƙa'ida da ta shafi masu sana'ar POS. Mai POS ba zai ba mutum ɗaya fiye da naira 100,000 a rana ba, kuma jimillar abin da shi kansa zai fitar a yini kada ta wuce naira miliyan 1.2. Ma'ana, idan mutum 12 suka ciri naira 100,000 kowannensu, mai POS ya cika adadinsa na ranar. A ranar kasuwa, inda fatake ke sauka tun da hantsi, wannan adadi ba ya daɗewa.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da zai sayi hatsin naira 400,000 daga hannun manoma. Idan ya taho hannu rabbana da niyyar ya cira a bakin kasuwa, ƙa'ida ba ta ba mai POS damar ba shi fiye da rubu'in abin da yake bukata ba, ga kuma cajin da kan tashi idan tsaba ta yi wuya. Mafita ita ce ya shiga banki a Dutse ko Kano kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, kuma a nan maganar ta dace da ma'anarta ta asali.

Ita ma na'urar ATM cajinta ya sauya daga 1 ga Maris ɗin 2025. Cira a na'urar bankin da mutum ke ajiya kyauta ne. Idan na'urar wani banki ce da ke harabar bankin, za a cire naira 100 a kan kowace naira 20,000. Idan kuma na'urar tana wajen harabar banki, kamar a babban kanti ko filin jirgin sama, ana iya ƙara har naira 500 a kan waccan ɗarin. Wanda ya ciri naira 60,000 zai biya naira 300 a yanayi na farko, a na biyu kuma cajin na iya kai wa naira 1,800.

Akwai kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022, wadda ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma naira miliyan 10. Masu cinikin shanu da manyan dillalan hatsi ya kamata su lura da wannan, domin farashin yau ya sa ciniki ɗaya na iya haura adadin.

Tiransifa da abin da ke tattare da ita

Ta fuskar caji, tura kuɗi ya fi araha nesa ba kusa ba. Jadawalin da Babban Bankin ya fara aiki da shi a Janairun 2020 ya sa naira 10 a kan abin da bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa naira 50,000, sai naira 50 a kan abin da ya haura. Akwai kuma harajin naira 50 da gwamnati ke karɓa a kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama, wanda ya fara shafar asusun kamfanonin intanet daga 1 ga Disambar 2024. Idan aka haɗa, tura naira 400,000 bai fi cajin naira ɗari da 'yan kai ba.

Raunin tiransifa shi ne ta dogara da sabis. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 wasu wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma sun lalace, ayyukan bankuna da dama a Nijeriya suka tsaya cik. A watan Satumbar 2021 kuma hukumomi sun rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, abin da ya bar matafiya ba kira ba tiransifa tsawon makonni.

Inda intanet ba ta da ƙarfi amma ana samun kira, gajerun lambobin banki na USSD kan yi aiki ko da a ƙaramar waya. GTBank na amfani da *737#, First Bank *894#, UBA *919#, Zenith *966#, Access kuma *901#. Kowane amfani yana cin naira 6.98, kuma a tsarin da aka koma a 2025 daga katin waya ake cirewa. Don haka wanda layinsa ba kati yana iya kasa tura kuɗi alhali asusunsa cike yake. Yana da kyau matafiyi ya riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban, amma ya tuna cewa lambar tana aiki ne a layin da aka yi wa asusun rajista da shi.

Ga mai sayarwa, babban haɗarin shi ne alat na bogi. Saƙon tes ko hoton rasit a wayar mai saye ba hujja ba ne. Kada a saki kaya sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun ƙaru. Shi kuma mai turawa ya karanta sunan da ya fito a fili, mai kayan ya amsa cewa nasa ne, kafin ya danna lambar sirri. Idan asusun ɗan mai kayan ne ko na maƙwabcinsa, a yi hakan a gaban dillali ko wani shaida, domin yawancin rigingimun kasuwa daga nan suke farawa.

Idan kuɗi suka maƙale

Yakan faru a cire kuɗi daga asusu amma na'ura ba ta fitar ba, ko POS ya nuna an ƙi karɓa. Ƙa'idar da Babban Bankin ya kafa a watan Yunin 2020 ta ce idan na'urar bankin mutum ce, a mayar nan take, in ta gagara kada ya wuce awa 24. Idan ta wani banki ce, awa 48. Cinikin POS da na intanet kuma awa 72.

Abin da ke taimakon matafiyi shi ne ya karɓi takardar da na'urar ta fitar, ya ɗauki hotonta kafin rubutun ya goge, ya rubuta rana da lokaci da lambar wayar mai POS. Ƙorafi yana farawa ne daga bankin mai kati, a kuma nemi lambar shaidar ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana iya kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin. Kuskuren da aka fi yi shi ne sake zura katin sau biyu ko uku cikin gaggawa, har kuɗin tafiyar gaba ɗaya su maƙale.

Rabon guzuri gida uku

Tsarin da ya fi dacewa da irin wannan tafiya shi ne a kasa kuɗin gida uku. Kashi na farko ƙananan takardu ne na kuɗin mota da abinci da dako da la'ada, a aljihun da hannu ke saurin kai wa, don kada a riƙa zaro damin kuɗi a tasha. Kashi na biyu tsabar sayen kaya ce, a ɓoye a jiki, ba a jakar da za a ɗora a bayan mota ba. Kashi na uku ya zauna a asusu.

Shi ma na asusun ya fi kyau a raba shi tsakanin bankin kasuwanci da wani asusu na daban, domin ba kasafai duka biyun ke cijewa lokaci guda ba. Soke lasisin Bankin Heritage a ranar 3 ga Yunin 2024 ya nuna cewa banki ma na iya rufewa dare ɗaya. Hukumar Inshorar Ajiyar Banki ta NDIC, bisa ƙarin da ta yi a 2024, tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci da naira miliyan 2 a ƙaramin banki na maikurofainas. Ya kamata mutum ya san irin lasisin da kamfanin da yake ajiya ke riƙe da shi.

Waya kuwa yanzu ita ce lalitar matafiyi. A sa wa layin lambar sirri ta yadda ɓarawo ba zai cire shi ya sa a wata wayar ba, a rubuta lambar toshe asusu ta banki a takarda daban, kuma kada a miƙa wa mai POS kati tare da faɗa masa lambar sirri. Babu bankin da ke kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa ko lambar da aka turo masa ta tes.

Idan tafiyar ta tsallaka iyaka

'Yan kasuwar Jigawa da dama kan zarce kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a kan iyakar Nijar, wasu har Damagaram ko Maraɗi. A can sefa ce ke aiki, kuma darajarta a ɗaure take da kuɗin Turai, inda Yuro 1 yake daidai da sefa 655.957. Shi ya sa duk lokacin da naira ta motsa a gaban Yuro, canjin sefa ma ya motsa. Yana da amfani a tambayi farashi a wurin 'yan canji fiye da ɗaya, a kuma bambance lissafin jaka da dala da ake yi a bakin 'yan kasuwar Nijar, inda dala ɗaya ke nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000. Rashin fahimtar wannan kaɗai ya isa ya ɓata ciniki.

Mai fita ƙasar waje ta sama ko ta ƙasa da kuɗin da suka haura dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinsu, wajibi ne ya bayyana su ga jami'an Kwastam, in ba haka ba ana iya ƙwace su a kuma gurfanar da shi. Masu dogaro da katin naira a Saudiyya ko Dubai su tuntuɓi bankinsu tukuna. Bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin a waje a 2022, wasu suka dawo da shi a tsakiyar 2025, kowanne da iyakar abin da ya yarda a kashe.

Babban Bankin kan sabunta waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci, saboda haka kafin kowace babbar tafiya ya dace ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya tambayi reshen bankinsa adadin da zai iya cira da wanda zai iya turawa a rana, ya gwada katinsa da lambar USSD tun yana gari, sannan ya kira abokin cinikinsa na can ya ji ko tsaba ake so ko tiransifa.