Rufin Cikin Bututun Bindiga da Rigar Harsashi

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa maƙera makamai ke yi wa cikin bututun bindiga rufi, su kuma yi wa harsashi riga. Abin da ya ja hankalina shi ne, wannan rufi da bai kai kaurin takarda ba ya taɓa zama sanadin mutuwa ko tsirar sojoji.

Matsalar Bututu

Ba kamar bindigar toka ta maharbanmu ba, cikin bututun bindigar zamani yana da zane mai murɗewa wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa don ya tafi saiti. Abubuwa uku ne ke cin wannan zane: zafin albarushi, da gogayyar harsashi, da kuma tsatsa.

Rigar Harsashi

A da, da darma zalla ake yin harsashi. Da Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, gudun harsashi ya ƙaru, darma kuwa taushi gare ta, sai ta riƙa liƙewa a cikin zanen. Maganin da aka runguma shi ne na Eduard Rubin, wani hafsan sojan Suwizalan, wanda tun 1882 ya lulluɓe darmar da rigar jan ƙarfe.

Darasin Biyetnam

Sojojin Amurka sun shiga yaƙin Biyetnam da bindigar M16, wadda ba a shafa wa cikinta ƙarfen kurom ba. Ƙasar ga ruwa ga laima. Tsatsa da dattin albarushi suka sa kwanson harsashi yana maƙalewa ana tsakiyar faɗa, har wasu sojoji suka rasa rayukansu. A 1967 majalisar dokokin Amurka ta binciki lamarin. Daga baya aka riƙa shafa kurom a mazaunin harsashi, sannan a bututun gaba ɗaya.

Gwaje-gwajen Baya

Kurom ma yana da nasa cikas, domin idan kaurinsa bai daidaita ba yakan rage saiti. Saboda haka wasu suka koma shigar da sinadarin naitirojin cikin fatar ƙarfen don ta taurara. A shekarun 1990 kuma masu gasar harbi sun yi yayin shafa wa harsashi baƙin garin molibdinam don rage gogayya, amma da yawa suka daina, suna kukan yana tara laima.

Kammalawa

A nawa ganin, kowane rufi yana magance wata matsala ne ya zo da tasa. Abin da ya faru a Biyetnam kuwa ya nuna cewa a rana da ƙurar wurin da za a yi aiki da abu ya kamata a gwada shi, ko kuma a laimarsa, kafin a damƙa shi a hannun mutum.